Hannun Lebura Jarinsa: Kirci da Ƙaiƙayin Fata a Sharaɗa, Challawa da Bompai

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu dattawan unguwa, malamai, wakilan ma'aikata da na masu kamfanoni, 'yan'uwana maza da mata, barkanmu da warhaka. Na san wasunku daga aikin dare suka sauko ko gida ba su leƙa ba, wasu kuma da azahar za su karɓi aiki, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Kafin in ce komai, ina roƙon kowa ya buɗe tafin hannunsa ya duba. Ya juya bayan hannun, ya ware 'yan yatsu ya leƙa tsakaninsu, ya dubi gefen farce. Daga nan inda nake tsaye ina hango wasu sun yi wuf sun mayar da hannu aljihu. To, ranku ya daɗe, da ku nake magana yau.

Tun daga suna muke fara ɓata. A ƙasar nan in mutum ya shiga kemis ya ce yana da egzima, galibi kyasbi yake nufi, wato dabbare-dabbaren nan da ke fitowa a ƙirji da baya da wuya, wanda in ka kankare shi da farce sai ya yi gari-gari. Wata ƙwayar halitta ce dangin funfuna ke kawo shi, tana nan a fatar kowa, zafi da gumi ne ke ba ta ƙarfi, kuma ba ya cika ƙaiƙayi. Makero daban, shi ne mai zagaye kamar kwabo, yana son kan yara, ana kuma ɗaukarsa. Ƙazuwa ita ma daban: ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani yake haƙa rami a fata, ƙaiƙayinta da dare yake tashi, kuma in ta shiga ɗaki sai ta zagaye kowa. Abin da likita ke nufi da egzima shi ne wanda Bahaushe ya fi kira kirci. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta tafasa, domin in ya taso sabo fatar kan yi ƙananan ƙuraje masu ruwa kamar tukunya ta fara tafarfasa. Kirci ba a ɗaukarsa. In maimaita, saboda na ga an ware wa mutum kwano a wurin cin abinci a kansa, na ga an ƙi ba shi hannu a sahun salla: ba a ɗaukarsa ta musabaha, ko ta tawul, ko ta shimfiɗa. Cututtuka huɗu ke nan, kowacce da maganinta, amma bututun mai guda ɗaya ake miƙa wa masu su duka. Zan dawo kan wannan bututu.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san aikin yaɓe. Tubali na nan, amma yaɓen ne ke hana ruwan damina ratsa bango. Saman fatar ɗan Adam haka yake: matattun ƙwayoyin fata ne jere kamar tubali, wani maiƙo da jiki ke yi ya cike tsakaninsu. Aikinsa ya tsare danshin jiki kada ya tsere, ya tare ƙura da sinadari da ƙwayar cuta kada su shigo. In maiƙon nan ya wanke, fata ta bushe ta tsattsage, kuma kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya shiga ya tayar da sojojin jiki, wurin ya kumbura ya hau ƙaiƙayi. Mutum ya sosa, susar ta ƙara fasa bangon, ƙaiƙayin ya ƙaru. A haka ake shekara.

Akwai wanda aka haifa da yaɓe mara ƙwari. Wannan shi ne kircin gado, kuma yakan zo a dangi ɗaya da asma da yawan atishawa da ƙaiƙayin ido. A 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee ta Sukotland suka nuna cewa tangarɗa a ƙwayar gado mai haɗa wani sinadarin fata da ake kira filagirin tana cikin manyan dalilansa. A wasu ƙasashe yana kama kusan yaro ɗaya cikin biyar. Jariri a kumatu da goshi yake fara masa. In yaro ya tasa sai ya koma lanƙwasar gwiwar hannu, da bayan gwiwar ƙafa, da wuya. Da yawa yana sakinsu in sun girma, amma fatar ba ta mantuwa. Saurayin da ya yi fama da shi yana ƙarami, ran da aka sa shi aikin ruwa a kamfani, shi ne na farkon da hannunsa zai fashe.

Littattafan da muka karanta a makaranta sun ce alamar kirci ita ce fata ta yi ja. A fatar Bature aka rubuta su. A tamu fatar jan ba ya fitowa sosai. Wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, ko ya yi ƙananan gudaji a gindin gashi kamar tsikar jiki ta tashi ta ƙi kwanciya. In ya daɗe ana susa sai fatar ta yi kauri, zanenta ya fito raɗau kamar bayan kada. Bayan ya warke kuma yakan bar tabo, baƙi ko mai haske, wanda kan ɗauki watanni kafin ya baje. Wannan tabon ne ke tsorata iyaye su zaci kuturta ce, shi ne kuma ke tura 'yan mata wurin mai haɗa man bilicin.

Yanzu mu shiga kamfani, domin a nan zancen yau yake.

Kano garin fata ne tun kafin a san injin. Jar akuyar ƙasar Hausa ce ake jeme fatarta a ratsa Sahara da ita, Turawa su saya a hannun 'yan kasuwar Maroko su laƙaba mata sunan can. Har yau akwai masu jima da bagaruwa a Majema, kusa da Ƙofar Wambai. Amma a Challawa da Sharaɗa da Bompai jima ta canja hannu. Fata takan iso da gishiri a jikinta, a jiƙa ta. Daga nan a zuba ta cikin ruwan laim, wato farar ƙasa mai kaifi, haɗe da sinadarin salfayid, don gashin ya zube. A kankare nama da kitse, a sauke kaifin laim ɗin, a tsoma ta a ruwan asid da gishiri, sannan a juya ta a ganga da gishirin kurom har ta fito shuɗiya-shuɗiya tana ɗiga. Sai rini da maiƙo da feshin ƙyalli. Mafi yawan fatar da ake jemewa a duniya yau da kurom ake yi, don abin da bagaruwa za ta ɗauki kwanaki tana yi, shi a wuni guda ya gama.

Ku tsaya a kan ramin laim ɗin nan. Fatar mutum a ma'aunin tsami da kaifi tana wajen 5.5, wato tana da ɗan tsami. Ruwan laim yana haura 12. An haɗa shi ne musamman don ya cire gashi daga fata ya buɗa ta, kuma bai san bambancin fatar akuya da ta Ɗan'azumi mai jawo ta daga ramin ba. Wanda ke tsoma hannu a ciki kullum, da fari hannun zai yi santsi kamar ya taɓa sabulu, sannan ya bushe, ya yi kaushi, ya daddare a gaɓoɓin yatsu, faso ya buɗe yana jini in ya dunƙule hannu. Wannan shi ne kircin da sinadari ke cin fata kai tsaye. Ba ruwansa da gado, kowa ya daɗe a ciki zai same shi, kuma shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na kircin da taɓa abu ke kawowa. Ba sai a majema ba. Mai aikin rini a masaƙa, mai zuba soda a kamfanin sabulu, mai wanke ƙarfe da tina, mai narka roba, mai wanke kwalabe, har uwar gida da ke wuni tsakanin omo da wanke-wanke, duk layinsu ɗaya. Ruwa tsagwaronsa ma yana yi. Likitocin lafiyar ma'aikata sun yi masa iyaka: wanda hannunsa ke jiƙe fiye da awa 2 a wuni, ko yake wanke hannu fiye da sau 20, yana cikin haɗari.

Ɗaya nau'in kircin da taɓa abu ke kawowa ya fi wayo. Shi jiki ne ke ƙulla gaba da wani sinadari guda. Mutum zai yi shekara biyar, goma, yana aiki da abu lafiya lau, sai rana ɗaya sojojin jikinsa su yi masa rajista a matsayin abokin gaba. Daga ranar, ko ɗan ƙanƙani ya taɓa shi, bayan kwana ɗaya zuwa uku sai ƙuraje su feso, wani lokaci har a inda abin bai taɓa ba. Jinkirin nan ne ke ruɗa mutane. Ka ce masa aikinka ne, ya ce haba likita, shekara nawa ina wannan aiki? Kurom yana sahun gaba a nan. Nau'in kurom ɗin da ake jima da shi mai sauƙi ne, amma zafi da iska da rashin kula wajen sarrafawa kan juya wani ɓangarensa ya koma mugun nau'in, wanda ke ratsa fata cikin sauƙi. Wannan mugun nau'in kuma yana cikin siminti.

Akwai wani bawan Allah da na duba, magidanci mai 'ya'ya shida, ya shekara kusan goma sha biyu yana ɗebe fata daga ganga a wata majema da ba zan kama sunanta ba. Ya zauna a gabana ya ɗora hannuwa kan cinya, tafin a sama, kamar mai addu'a, don ba ya iya rufe su. Ya ce mini ya gane aikin ne ke cinsa, domin duk hutun salla hannun kan lafa, in ya koma da kwana uku ya dawo ɗanye. Sai ya yi abin da mai hankali zai yi, ya ajiye aikin. Ina ya nufa? Gidan bulo, yana kwaɓa siminti. Cikin wata guda hannun ya fi da lalacewa, har 'yan'uwa suka fara cewa sammu ne, tunda ya bar wurin abin bai bar shi ba. Na ce ya cire takalmi. A bayan ƙafarsa ga zanen igiyar takalmin fata kwance, baƙi ƙirin, kamar an ɗora an zana da alƙalami. Abu ɗaya ne ya bi shi wuri uku: ganga, buhun siminti, da takalmin da ya saya da kuɗinsa. Gabar kurom in ta ƙullu ba ta cika kwancewa ba, sai dai mutum ya koyi kauce mata. Da an gano tun shekarar farko, da sauya masa sashe a cikin kamfanin ya wadatar.

Wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a 1700 kan cututtukan masu sana'a, har da majema a ciki. Shawarar da ya bar wa likitoci ita ce, a kan duk tambayoyin da suka gada, su ƙara tambayar majiyyaci sana'arsa. Shekara ɗari uku da ɗoriya ke nan, amma nawa ne cikinku aka taɓa yi wa wannan tambaya a kemis? Mu ma ma'aikatan asibiti ba mu kuɓuta ba. In layi ya yi tsawo, mukan dubi ƙurji mu rubuta mai, mu ce na gaba. Saboda haka in ba a tambaye ka ba, kai ka faɗa. Ka ce ga inda nake aiki, ga abin da nake taɓawa, ga yadda yake yi in na huta. Akwai gwajin da ake liƙa ƙananan sinadarai a gadon baya na awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu, a ga wanne jiki ya ƙi. Tun 1895 aka san shi. Likitan fata ne zai ce ko kana bukatarsa, kuma akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Kurom ba shi kaɗai ba ne. Sinadaran da ake dafa roba da su kan sa safar hannun da aka ba ka don kariya ta zama ita ce cutar, ka ga kircin ya tsaya cak a wuyan hannu inda safar ta ƙare. Ƙarfen nikel na ɗan kunne da agogo da kan bel yana yi. Iyayenmu mata, baƙin lallen da ake haɗawa da dayis yana yi, har zanen furen ya kumbura ya tashi a hannun amarya ana tsakiyar biki. Jan lalle na gargajiya da wuya ya yi haka.

Abin kuma bai tsaya a bakin get ba. Ruwan da ke fita daga Sharaɗa yana bin rafin Salanta, na Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara ya nufi dam ɗin Wasai. Kowa a ɗakin nan ya san launinsa da warinsa. A bakin waɗannan rafuka akwai masu lambu da ke tsayawa cikin ruwan har ƙauri suna ban ruwa, akwai yara masu wasa. Su ba wanda ya ɗauke su aiki balle ya ba su takalmin roba. An kafa hukumar NESREA a 2007, a 2009 aka fitar da ƙa'idoji kan masaƙu da masana'antun fata. Dokar tana nan a takarda, ruwan kuma yana nan a rafi.

Sai hunturu ya zo ya ƙarasa aikin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu danshin iskar Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe ya fashe, diddige ya yi faso. Hannun da laim ya riga ya wanke wa maiƙo, ga sanyin asuba, ga alwala sau biyar, ga iska kan babur. A watannin nan ne muka fi ganinku.

To me za a yi? Babban maganin kirci ba shi da tsada kuma ba shi da kwarjini, shi ya sa ake raina shi. Mai ne. Basilin fari wanda ba turare a ciki, ko man kaɗanya mai kyau. Aikinsa ya maye gurbin yaɓen da ya zube. Sirrin yana ga lokaci da naci: a shafa da an fito wanka, jiki da sauran danshi, kafin iska ta sha shi, a shafa bayan kowace alwala, a shafa da kauri in za a kwanta, in hannu ya fashe a zura safar auduga a kwana da ita. Ko fatar ta yi kyau kada a daina. Na san wani zai ce mai ba zai hana ruwan alwala taɓa fata ba? Shi ya sa na ce bayan alwala. Wanda kuma hannunsa ya yi rauni har an ɗaure, shari'a ta yi sauƙi a kan shafa bisa ɗauri, ga malamai nan a zaune, su ne masu wannan fage.

Wanka ya zama gajere, da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ruwan zafi yana da daɗi a kan ƙaiƙayi, na sani, har mutum ya lumshe ido, amma yana narkar da maiƙon fata kamar yadda yake narkar da na kwano. A ajiye soso mai kaushi da dutsen guga. A ajiye sabulu mai ƙamshi da wanda aka ce yana kashe ƙwayoyin cuta, da ruwan maganin da ake ɗigawa a bokiti. Kirci ba ƙazanta ba ce, kuma yawancin masu shi sun wuce ƙa'ida ne wajen dirza. In ƙaiƙayi ya taso, a ɗora tsumma mai sanyi, a yanke farce. Yaro a sa masa rigar auduga a ciki kafin rigar sanyi, a kiyaye shi da turaren da ake fesawa a jiki. Kada kuma a hana shi madara da ƙwai da gyaɗa a kan zato. Na ga yaran da aka ramar da horon abinci, kircin kuwa yana nan daram. In ana zargin wani abinci, a kawo wa likita zancen.

Ga ma'aikata akwai ƙari. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake wanke hannu in an tashi: fetur, kalanzir, tina, ko omo da yashi. Abin da aikin wuni bai ci ba, wankin minti biyu ya cinye. Baƙin mai da fenti suna fita da man gyaɗa ko basilin, a murza, a goge da tsumma, sannan a bi da sabulu mai laushi. A cire zobe kafin aiki, don ƙarƙashinsa ne sinadari ke maƙalewa. Safar hannu kuwa, wadda ta huje gara babu ita, domin ruwan laim ya shiga ya kwanta, ya wuni yana dafa hannun. Ta kasance doguwa ta wuce inda ruwa ke kaiwa, a sa ta auduga a ciki saboda gumi, a riƙa cirewa hannu yana shan iska. Kayan aiki a tuɓe su a wurin aiki. In dole sai an kai gida, kada a haɗa su a baho ɗaya da kayan goyo.

Mu koma ga bututun nan. In kirci ya taso da ƙarfi, mai kaɗai ba ya kwantar da shi, sai an haɗa da man da ke ɗauke da sitiroyid. Tun 1952 aka fara shafa haidurokotison a fata, kuma rahama ne in an bi ƙa'ida. Suna hawa-hawa: mai sauƙi don fuska da jarirai, mai ƙarfi don tafin hannu da ƙafa, na 'yan kwanaki ko makonni kaɗan, a kan wurin ciwon kawai. Ma'auninsa a hannunka yake. Abin da ka matso daga kan ɗan yatsanka manuni zuwa gaɓar farko, kusan rabin giram ke nan, ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Amma abin da ake sayarwa a kowane lungu shi ne mai haɗi uku: maganin funfuna, da maganin ƙwayar cuta, da sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol ko betametason. Kowane ƙurji ka shafa wa zai yi shiru kwana biyu, sai ka ce ka dace. In makero ne, sitiroyid ɗin ya rufe shi ya ba shi damar yaɗuwa. In ƙazuwa ce, ƙwaron ya samu sarari. In kirci ne aka yi wata da watanni ana shafawa, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, fuska ta yi fari da ƙuraje, ran da aka daina kuma ya dawo da fushi. Niyomaisin da ke cikin wasunsu shi kansa jiki na iya ƙulla gaba da shi. Akwai uwayen da ke zuba irin wannan a cikin man shafawar jariri don ya yi haske. Don Allah a bari. Fatar jariri tana tsotse shi ya shiga jini. A 2023 sai da hukumar NAFDAC ta ayyana matsalar man bilicin a matsayin ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya, kuma irin waɗannan sinadarai na cikin abin da ake cusawa a ciki.

Baƙin man mota, ruwan batir, toka, dakakkiyar tafarnuwa, duk na gan su a kan fatar mutane. Ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Ƙuna suke yi.

Akwai lokacin da ba a jira. In wurin ya fara ruwa mai ɓawon rawaya kamar busasshiyar zuma, ko ya yi zafi ya kumbura, ko zazzaɓi ya shiga, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. In ƙananan ƙuraje masu rami a tsakiya suka feso lokaci guda suna zugi, musamman a fuskar yaro ko kusa da ido, a ranar za a kai shi asibiti. Haka in gyambo mai zagaye kamar an huda da ƙusa ya fito a yatsan mai aiki da kurom ko laim, ko da ba ya ciwo. Tabo mai haske wanda in an taɓa mutum ba ya ji kuwa, wannan ba kirci ba ne, a je a duba kuturta, tana da magani kyauta kuma ana warkewa.

Yanzu in juyo gare ku, alhazai masu kamfanoni da manajoji, da girmamawa. A Denmak, tun farkon shekarun 1980 aka wajabta zuba wani gishirin ƙarfe mai arha a cikin siminti don ya kashe kaifin kurom, kuma kircin magina ya ragu ƙwarai. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2005. A 2015 ta sa wa kayan fata iyaka: mugun nau'in kurom kada ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Ku kun fi ni sanin wannan doka, domin fatar da kuke aikawa Italiya da Sifen ba ta shiga kasuwarsu sai ta cika ta. Wato ana auna fatar akuya a ɗakin gwaji don kada ta yi wa ƙafar wata baiwar Allah a Milan ƙaiƙayi. Hannun da ya ɗebo ta daga ganga a Challawa, wa ya taɓa auna shi?

Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai kamfani samar da kayan kariya da wurin wanke jiki ga mai aiki cikin ruwa ko abu mai cutarwa. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta sa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, ta kuma haɗa da cutar da aiki ya jawo, ba sai injin ya datse yatsa ba. Leburan wucin gadi ma yana ciki. Amma lebura yana ɓoye hannunsa, don ya san in ya nuna, gobe wani ne a gurbinsa. Mutum nawa ke tsaye a bakin get da safe? Muddin nuna ciwo yana nufin sallama, ba wanda zai nuna sai hannun ya gama lalacewa, ku kuma ku rasa wanda ya san ganga shekara goma ku ɗauko baƙo.

Roƙona gare ku kafin iskar hunturun bana ta kaɗa: famfo mai ruwa da sabulu mai laushi a ƙofar kowane sashe, da babban gwangwanin basilin a gefensa. Safar hannu da takalmin roba a canja su da sun huje, ba sai ƙarshen shekara ba, kuma kada a cire kuɗinsu daga albashi. Mutum guda a kowane sashe ya riƙa duba hannun abokan aikinsa sau ɗaya a wata, wanda aka ga nasa ya fara a mayar da shi busasshen aiki ya warke, albashinsa na tafiya. Ku kuma 'yan ƙungiya, ku sa wannan a takardar bukatunku kusa da ƙarin albashi.

'Yan'uwana da suka sa hannu a aljihu ɗazu, in za ku zo asibiti ku taho da duk bututun da kuka taɓa shafawa, ko ya ƙare, ku kuma ɗauko hoton rubutun da ke jikin buhu ko durom ɗin da kuke aiki da shi a wayarku. Wanda ke son in duba nasa yau, ina nan bakin ƙofa bayan an shafa fatiha.